Rafukan Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi kan Wanka, Alwala da Kifi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a bakin mutanen zangunanmu, musamman iyaye mata da malaman makarantun allo da ke kusa da rafi a Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line. Na tattara su wuri ɗaya. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata na nuna.

Idan aka ce ruwan rafi yana da kyau, me ake nufi?

Sai an fara tambaya: kyau don me? Ruwan da ya isa a yi ban ruwan masara da shi ba lalle ya isa yaro ya yi iyo a ciki ba, wanda kuma ya isa iyo ba lalle ya shawu ba. Mai wanka abin da ya dame shi ƙwayoyin cuta ne. Kifi kuwa bai damu da ƙwayar taifod ba, damuwarsa iskar oksijin da ta narke a ruwa, da zafin ruwan, da guba. Shi kuma mai cin kifin, abin tsoronsa shi ne abin da ya taru a naman kifin tsawon shekaru.

Tambaya uku ce ke nan, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar da sauran. Yawancin gardamar da ake yi a majalisa kan ruwan rafi daga cakuɗa su take tasowa.

Waɗanne rafuka ake magana, kuma ina suke zuwa?

Subin, wanda ya ratsa tsakiyar gari, da Aboabo, da Sisa, da Wiwi da ya bi ta cikin jami'ar KNUST, da ƙananan ƙoramu irin Pelele. Dukansu kudu suke gangarawa su zuba a kogin Oda. Oda ya faɗa Offin, Offin ya faɗa Pra, Pra kuma ya shiga teku a Shama. Ledar da aka jefa daga kan gada a Aboabo tana da doguwar tafiya a gabanta, kuma akwai ƙauyuka a bakin Oda da suke wanki da ban ruwa da abin da muka sako musu.

Ruwan famfonmu daga wani ɓangare yake zuwa: madatsar Barekese da ke kan Offin, wadda take ba da mafi yawansa, da tsohuwar madatsar Owabi da aka gina a 1928.

Ba an ce ruwa mai gudu ba ya ɗaukar ƙazanta ba?

Wannan magana tana da tushe, shi ya sa take da wuyar tumɓukewa. Kogi yana wanke kansa. Ruwa mai yawa yana tsarma ƙazanta kaɗan, hasken rana yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, ƙananan halittun ruwa suna cinye abin da ke ruɓewa, laka kuma tana kwantawa. Kakanninmu da suka faɗi maganar sun ga haka da idonsu, a lokacin da gari yake ƙarami kuma abin da ake zubarwa toka ce da ganyen da aka naɗe abinci.

Amma wankin nan yana buƙatar abu biyu: nisa da yawan ruwa. Rafin Aboabo ba ya samun ko ɗaya. Kafin ya narkar da abin da gwata ɗaya ta zuba masa, wata gwatar ta zubo nata, ga bututun masai da aka karkatar cikinsa, ga bola a gaɓa. Da rani kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, babban kaso na abin da ke gudu a cikinsa ruwan wanka da wanke-wanke ne na gidaje. Sannan akwai abin da gudu ba ya taɓa narkarwa: baƙin man mota daga garejoji, dalmar tsofaffin batura, tokar wayoyin wuta da ake ƙonawa don cire tagulla, da zaiba. Waɗannan gudu kai su gaba kawai yake yi, ko ya binne su a laka.

To idan ruwa garau yake, ba wari, ana ganin ƙasansa fa?

Ido da hanci suna iya gaya maka ruwa ya lalace, amma ba sa iya shaidar cewa lafiya lau yake. Ƙwayar kwalara ba ta da launi. Zaiba da gubar asenik ba su da wari. Abin da ya fi damuna ma shi ne tsargiya ta fi son irin ruwan da iyaye suke sakin jiki da shi: mai kwanciya, mai ciyayi a gefe, wanda ba ya wari. Duba amsar tsargiya a ƙasa.

Yarana suna shiga rafi da abokansu. Me zai same su?

Yaro ba ya iyo bakinsa a rufe. Kowane nutso yana haɗiyar ruwa, kuma in ruwan yana ɗauke da bayan gidan mutane, abin da ke biyowa shi ne gudawa, atuni, taifod, shawara, tsutsar ciki, wani lokaci kwalara. Ba mu manta 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Gana ta kashe fiye da 200. Bayan ciki akwai ciwon kunne, jan ido da ƙuraje. Akwai kuma wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda take shiga ta ciwon da ke ƙafa, ta zo da zazzaɓi har a ɗauka maleriya ce.

Masu gwaji ba sa bin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya. Suna ƙirga wata ƙwaya mai suna E. coli da ke zaune a hanjin mutum da dabba, domin ganinta shaida ce cewa kashi ya shiga ruwan. A ruwan sha, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100. A ruwan iyo, ma'aunin da Amurka take bi shi ne matsakaicin ƙirga kada ya wuce 126 a mililita 100. Rafin da masai ke zuba cikinsa kai tsaye, dubbai ake ƙirgawa. Don haka amsata ga rafukan cikin gari ba ta da kwana-kwana: kada yaro ya shiga, ko don ɗauko ƙwallo ne. In ya riga ya shiga, a yi masa wanka da sabulu da ruwan famfo nan take, a wanke duk wani ciwo, a sa masa ido na mako biyu zuwa uku. Zazzaɓi ko gudawa ya taso, a gaya wa ma'aikacin asibiti cewa ya shiga rafi. Wannan bayani kaɗai yana canza gwajin da za a yi.

Ɗana yana fitsarin jini amma ba ya jin ciwo sosai. Daga ruwa ne?

Mai yiwuwa ƙwarai tsargiya ce, kuma ba ta shan ruwa ake ɗaukarta ba. Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a rafi, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyayin ruwa. A cikinsa suke hayayyafa, su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ke tsaye a ruwan cikin 'yan mintoci. Mai wanki da ta tsoma ƙafa, da mai wankin mota, da manomin lambu, duk ɗaya suke da mai iyo. Jinin ba ya fitowa sai bayan wata biyu ko uku, shi ya sa iyaye ba sa danganta shi da wankan da aka yi tun hutun makaranta.

Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce ga namiji. Ina roƙonku, 'yan uwa, a bar wannan magana. In aka ƙyale ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara, ga mata kuma tana taɓa mahaifa har ta hana haihuwa. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana auna ta da nauyi ko tsawon yaro, kuma ma'aikatan lafiya suna rabawa a makarantun yankunan da cutar take. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da aka warkar ya koma rafi, an koma gidan jiya.

In dole sai da ruwan rafi za a yi wanka, a ɗebo a ajiye a rufe kwana biyu cur. Tsutsar ba ta daɗewa haka a raye in ba ta sami fata ba. Dumama shi sosai ma yana kashe ta.

Bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, rafi bai wanku ba?

Akasin haka. Ruwan farko na watan Maris ko Afrilu yana kwaso duk abin da ya taru a gwatoci tun hunturu, masai suna cika su tumbatsa, kuma kowa ya san akwai masu jiran hadari su juye bolarsu. Kwana biyu zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi su ne mafi muni, ko a kogin da yake da dama-dama. Ga haɗarin ambaliya: ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya ɗauke yaro a cikin gwatar siminti.

Alwala da ruwan rafi ta inganta?

Hukuncin na malamai ne. Abin da muka karanta a zaure shi ne ruwan da najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba a tsarki da shi, kuma rafukan cikin gari sun faɗa wannan ba tare da wani dogon nazari ba. Inda ake ruɗewa shi ne ruwan ƙauye da bai canza ba. Yana iya zama mai tsarki a fiƙihu alhali yana ɗauke da cuta, alwala kuwa ta ƙunshi kurkurar baki da shaƙa ruwa. Matafiyi ya riƙe butarsa da ruwan famfo ko na rijiya mai murfi.

Kada kuma mu ɗauki rabin karatu mu bar rabi. Hadisi ya hana yin bayan gida a mashayar ruwa, ya hana fitsari a ruwa mai kwanciya. Wanda ya haɗa bututun masansa da rafi ya duba kansa a wannan madubi.

Me kifi yake buƙata kafin ya rayu a kogi?

Na farko iska. Kifi yana shaƙar oksijin da ta narke a ruwa, ita kuwa kaɗan ce: a zafi irin namu, lita ɗaya ba ta riƙe fiye da miligiram 8 ko kusa da haka, ko da ruwan ya ƙoshi. Yawancin kifaye suna son 5 zuwa sama. Ƙasa da 2, sai gudu ko mutuwa. Duk abin da ke ruɓewa, kashi ne, jinin mayanka ne, dusar giya ce, ragowar abinci ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi oksijin ɗin nan suke ci. In ta ƙare, ruwan ya yi baƙi ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Subin da rani ya san warin.

Bayan iska, yana son ruwan da bai yi tsami ko kanwa da yawa ba, wato 6.5 zuwa 8.5 a ma'aunin pH. Yana son inuwar bishiyoyin gaɓa, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. Yana son tsakuwa da saiwoyi inda zai nasa ƙwai. Rafin da aka shafe da siminti ƙasa da gefe, ko ruwansa ya tsarkaka, ba gidan kifi ba ne.

Amma ana kama tarwaɗa a rafin. Ba alamar lafiya ba ce?

A'a. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take kwana a kwano da ɗan ruwa ba ta mutu ba. Tana rayuwa inda sauran kifaye suka ƙare. Ƙarfasa ma tana da juriya. Rafin da ba a samun komai cikinsa sai tarwaɗa da jajayen tsutsotsi a laka da 'ya'yan sauro, mara lafiya ne.

Alamar lafiya ita ce yawan iri. Ɗaga dutse a wurin da ruwa ke gudu: in ka ga ƙananan ƙwari iri-iri suna rarrafe a ƙarƙashinsa, ga ƙaguwa, ga jatan lande, ga ƙananan kifaye kala-kala, ga mazari yana shawagi, ruwan yana da rai. Wannan shaida ta fi gwajin kwalba ɗaya, domin halittun suna zaune a wurin dare da rana. Amma a tuna da amsar farko: lafiyar kifi ba izinin wanka ba ce.

Me ke sa a wayi gari kifaye sun mutu sun taso sama?

Galibi rashin iska ne, kuma asuba ce lokacinsa. Gansakuka da ciyayin ruwa suna ba da oksijin da rana, da dare kuwa su ma ci suke yi, sai ta yi ƙasa ƙwarai gab da fitowar rana. In takin zamani ko ruwan masai ya sa sun yi yawa, ko kainuwa ta rufe fuskar ruwa, abin ya fi tsanani. Sauran dalilan su ne ruwan farko, ko wani ya zubar da sinadari, ko masu kamun kifi da guba, abin da dokar kamun kifi ta haramta tare da nakiya.

Kifin da aka tsinta a mace kada a ci, kada a sayar, kada a ba kaji. Ba wanda zai iya bambance na rashin iska da na guba da ido.

Galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a daji ake yi. Me ya haɗa shi da mu?

Offin da Oda da Pra duk suna cikin kogunan da ya fi ɓatawa. Injinan da ake kafawa a kan ruwa suna tone ƙasan kogi dare da rana, ruwan ya koma kamar kunun gyaɗa. Wannan laka tana toshe wa kifi hanyar numfashi, tana binne ƙwansa, tana hana haske isa ga ciyayi. Ana auna dagulewar ruwa da ma'aunin NTU. Ruwan sha bai kamata ya wuce 5 ba. A Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa matatarsa ta Sekyere Hemang a kan Pra, wadda aka gina don ruwan da bai wuce 2,000 ba, tana karɓar mai kusan 14,000.

Laka ita ce abin da ake gani. Abin da ba a gani shi ne zaiba, wadda masu aikin ke kira makuri, da suke kama ƙurar zinariya da ita, da asenik da ke cikin duwatsun zinariya irin na yankin Obuasi, wanda tono ke saki. Kuma mu faɗi gaskiya, akwai 'ya'yan zango a ramukan nan, talauci ya kai su. Su ne farkon masu shaƙar hayaƙin zaiba idan ana ƙona ta.

Kifin irin waɗannan koguna yana ciwuwa in an dafa shi sosai?

Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta da tsutsa. Ba ta taɓa zaiba. A cikin laka zaiba tana rikiɗa ta zama wani nau'i da ke shiga nama ya zauna, ƙaramin kifi ya ci ƙwari, babba ya ci ƙarami, kowane mataki tana ƙara taruwa. Banda, suya, wanki da lemon tsami, babu mai fitar da ita. Iyakar da aka saba bi a duniya ita ce miligiram 0.5 a kilo ɗaya na naman kifi. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take kamawa, kuma jaririn da ke ciki ya fi kowa rauni. A Minamata ta Japan aka fara gane haka a 1956, sunan garin ne ma aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Gana take ciki.

Shawarata ga mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara: a guji manyan kifaye masu cin kifi daga kogunan galamse, a tambayi mai talla inda kifinta ya fito. Ba cewa nake a bar kifi ba. Ƙananan kifayen teku irin su amane suna da amfani ƙwarai, zaibarsu kuma kaɗan ce.

Alif da tafasawa ba sa gyara ruwan?

Alif yana kwantar da laka, tafasawa tana kashe ƙwayoyi, kulorin ma haka in ruwan ya riga ya washe. Babu ɗayansu da za a dogara da shi a kan zaiba, dalma, asenik ko maganin feshi. Ruwan kogin galamse ba a mai da shi na sha a gida.

Tafkin Bosomtwe fa, inda ake zuwa yawon sallah?

Ya sha bamban da rafukan gari nesa ba kusa ba. Yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, a cikin ramin da dutse daga sama ya haƙa shekaru sama da miliyan ɗaya da suka wuce. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. Abu biyu nake so a riƙe. Ba shi da mafita, ƙoramu suna shiga, babu mai fita, don haka leda da sabulu da takin gonakin gefensa a ciki suke zama. Na biyu, tsakiyarsa tana da zurfin da ya haura mita 70. A ranar taro nutsewa ta fi cuta saurin kisa: babba ya tsaya kan yara, kada a shiga jirgi babu rigar ruwa. Abin da na faɗa a sama kan shiga ruwa bayan ruwan sama mai ƙarfi yana aiki a nan ma.

Latas da kabejin da ake ban ruwansu da rafi fa?

Manoman lambu a gefen gari da yawa ba su da wani ruwan. Abin da za a ci ɗanye, kamar ganyen da ake ɗorawa kan wake da shinkafa, a ware shi ɗaya-ɗaya, a wanke a ruwa mai zuba, a jiƙa a ruwan binega, a sake ɗauraye. Manomi kuma in ya tsai da ban ruwa 'yan kwanaki kafin ya cire, rana tana rage ƙwayoyin.

Wa ke da alhakin kogi, kuma ina ake kai ruwa gwaji?

Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda dokar 1996 ta kafa, ita ke kula da koguna, kuma tana jera su aji huɗu: sama da maki 80 mai kyau, 50 zuwa 80 dama-dama, 25 zuwa 50 mara kyau, ƙasa da 25 ya lalace ƙwarai. Hukumar Kare Muhalli tana bin masana'antu da abin da suke zubarwa. Bola da masai da gini a gaɓa kuwa na ƙaramar hukuma ne, ta hannun ɗan majalisar unguwa. Manufar ƙasa ta 2011 ta ce a bar wa manyan koguna fili na mita 10 zuwa 60 a kowane gefe, ba gini, ba noma.

Gwaji ana yinsa a ɗakunan binciken kamfanin ruwa, da KNUST, da Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa. A karɓi kwalba daga wurinsu, kada a yi amfani da ta lemo. A sa samfurin cikin ƙanƙara, a kai cikin awa 6. A faɗa musu abin da ake nema, domin gwajin ƙwayoyin cuta daban, na zaiba daban. Gwaji ɗaya hoton rana ɗaya ne, sai an maimaita rani da damina.

Rafin da ya mutu yana farfaɗowa? Me ke hannunmu?

Yana farfaɗowa. Kogin Tems na Landan an ayyana shi matacce a 1957, yau kifi iri fiye da 100 ne a cikinsa, bayan an gyara matatun ruwan masai. Ƙazanta mai ruɓewa tana saurin gushewa da zarar an toshe mafarinta. Zaiba da dalma su ne masu zama a laka shekaru da dama.

Babban aikin, na magudanar masai da hana galamse, na hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa. Amma akwai wanda ba ya jiran kowa. Ranar Babbar Sallah, jini da kayan tumbin dabbobin layya na unguwa guda suna bin gwata su sauka rafi a yini ɗaya, jini kuwa yana cikin abubuwan da suka fi cinye iskar ruwa. Rami mai zurfin kamu biyu a bayan gida ya ishe shi, a rufe da ƙasa. Limamai su faɗa a huɗubar Juma'ar da ke gaban sallah, sarakunan zango su ware wa gidajen da ba su da fili wuri ɗaya na yanka. Baƙin mai a tara a jarka, akwai masu saye. Mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da aka ba bola, a tambaye shi inda yake juyewa kafin a biya shi.